Takalman da Inna Ta Yi Sadaka da Su

Amalanken ya riga ya sha kwanar masallaci lokacin da Zalika ta faɗo titi da gudu, silifas ɗaya a ƙafa, ɗayan ta baro shi a bakin zaure, hijabi yana shaƙe mata wuya.

"Kai, mai amalanke! Tsaya! Don Allah tsaya!"

Ko waiwaye bai yi ba. Ya duƙa yana turawa da sassarfa, ƙafar amalanken ta hagu tana kuka ƙii-ƙii kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Babu komai a kai sai farin buhu guda da aka ɗaure wa baki. A cikin buhun nan takalman gudunta suke.

Ta ƙara wuta. Ita ce fa Zalikar da bara ƴan lakkol, yaran makaranta, ke jeruwa bakin hanya a unguwar Harobanda suna kiran sunanta, wadda ba a taɓa sa ta tsere ta dawo hannu rabbana ba. Yau ga dattijo mai turin amalanke yana yi mata nisa. Tun kafin ta kai gindin gada ƙirjinta ya rufe, sharaɓa ta ɗaure tamau. Ta zube kusa da mai tuyar farimasa, fanken Zabarmawa, ta amayar da ruwan da ta sha da safe.

"Subhanallahi! Ɓarawo ne?" in ji mai tuyar, ta miƙe da cokali a hannu.

Zalika ta girgiza kai. Ta bi amalanken da ido yana hawa gada, ya kutsa tsakanin wata taksi da raƙumi mai ɗauke da tabarmi, ya ɓace. Ta zauna tana jira ta ji wani abu, ko haushi, ko kunya, ko kuka. Ba abin da ya zo. Tun ranar da aka shigo da gawar mijinta Abdulhakim haka cikinta yake, kamar ɗakin da aka kwashe kaya aka share.

A gida ta iske Inna, uwar marigayin, zaune kan tabarma tana jan tasbaha, fuskarta a sake.

"Inna, takalmana kika sa a buhun."

"Waɗanne?"

"Masu ruwan ganye. Na ƙarƙashin gado."

Inna ta tsayar da tasbahar. "Waɗannan zabga-zabgan? Ke ɗiyar nan, wace mace ke da ƙafa haka? Ai na ɗauka nasa ne."

Nata ne. Zalika doguwa ce, ƙafarta ta fi ta mijin. Abdulhakim tela ne, da ɗinkin wata sallah ya saya mata su, ya riƙa yi mata tsiya wai in kogin Isa ya cika sai su shiga ɗaya su ƙetare, ɗayan kuma su ba masunta haya. Jiya ta fita takaba. Yau da sassafe tana wanka Inna ta tattara rigunan marigayin da hulunansa, ta haɗa da takalman, ta tsaya ƙofar gida ta miƙa wa mai ƙaramin ƙarfi na farko da ya wuce.

"Zan tahi kasuwar Katako, matattarar masu amalanke, in nemo shi. In karɓo."

"Ki karɓo mi?" Muryar Inna ba ta tashi ba. "Sadaka ta riga ta fita da sunansa. Duk takun da bawan Allan nan ya yi da su, lada ne ke isa kabarin. Ki je ki cire wa mamaci loma daga baki?" Ta ci gaba da jan tasbaha. "Kuma mi za ki yi da su? Kawunki ya aiko. Da an gama girbi zai zo ya tahi da ke Tasawa."

Zalika ta ce to. Ta shiga ɗaki ta kwanta tana kallon kwanon rufi.

Da la'asar Baba Sumana ya yi sallama. Tsohon soja ne, Bazabarme, shi ke horar da ƴan gudun kulob ɗinsu. Bai karɓi tabarma ba. Ya tsuguna a inuwar zaure ya dube ta daga sama har ƙasa kamar mai sayen rago.

"Kin rame a inda bai kamata ba, kin yi nauyi a inda bai kamata ba."

"Sannu da zuwa, Baba."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba, na yi ta tun tuni. Kulob ya samu gida a unguwar Koira Kano. Gadaje uku ne na mata, da ci da sha. Ƙarshen wata mai zuwa za a yi tseren zaɓe. Uku na gaba su ne masu gado. Ba zan iya riƙe miki ɗaya da baki ba, yaran nan sun taso kamar fara." Ya rage murya. "In kin samu, kin zauna Yamai. In ba ki samu ba, ki gaishe min da Tasawa."

"Ba ni da takalma."

Ya zaro wasu tsofaffi na gwanjo daga jakarsa ya ajiye gabanta. Ta dube su ba ta taɓa ba.

"Ba takalman ba ne," in ji shi. "Moton ne."

Moton ne. Zalika ba ta taɓa ɗaura agogo ba. Duk gudun da ta yi a duniya, Abdulhakim na bayanta kan tsohon motonsa, babur mai fasasshen salansa, wanda ke tari kamar mai shan taba. Ba ya ce mata komai. In ya sassauta hannu ta sassauta ƙafa, in ya murza ta tashi. Da kunne take gudu. Ko ranar tsere, yana can gefen hanya yana binta daga nesa, ita kuma tana tsinto tarin nan daga cikin ihun mutane. Ranar da kamyo, babbar motar kaya, ya buge shi a hanyar Say, waɗanda suka kawo gawar sun ce ba su ga moto a wurin ba.

"Ban san yadda ake gudu a shiru ba, Baba."

"Kala suru, sai haƙuri, ɗiyata. Kurame ma suna gudu." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Koya."

Ta gwada, ba don tana so ba, sai don kwanciyar ma ta gundure ta. Bayan sallar asuba ta ɗaura takalman gwanjo ta fita. Ba abin da ke bayanta, sai ta fizga kamar wadda kare ya biyo, ta ƙare kafin gada. Washegari ma haka. Ta tsaya ta dafa bango tana haki, tana tunanin Tasawa ba ta da laifi, can ma ana kwana ana tashi.

Sai ta ji ƙii-ƙii.

Mai amalanken ne ya fito daga lungun kafintoci, amalanken ba kaya, ya duƙa da sassarfarsa. Dattijo ne siriri, furfura a gemu, rigar Abdulhakim mai ruwan toka a jikinsa. A ƙafarsa takalman ne, ba safa, ya cire igiyoyin ya sa zaren buhu. Ya wuce ta.

Ba ta yi niyyar kama shi ba. Idonta ne kawai ya manne wa takalman, ƙafafunta suka bi idon. Ƙii-ƙii, ƙii-ƙii. Kukan ba ya gaggawa, ba ya jinkiri. Ta sa takunta a cikinsa. Da numfashi ya ƙare mata ta ɗaga kai, ta ga ruwa ta dama, ruwa ta hagu, jiragen masunta a ƙasa. Tsakiyar gada take.

Gobe ta dawo. Jibi ma. Ta gane aikinsa: yana kai wa kafintocin Harobanda katako tun duhu-duhu, ya juyo da gudu don wanda ya riga komawa Katako shi ke samun lodi na biyu. Ita kuma tana jiransa gindin bangon nan. Ya wuce, ta bi.

Wata safiya, a kan gada, ya tsaya cak har ta kusa karo da shi.

"Baiwar Allah, na ci miki wani abu ne?"

"A'a."

"To aure ne? Don in aure ne, ina da guda a gida, kuma ta fi ni ƙarfi."

"Tura amalankenka, Malam."

"Malam yana makaranta. Ɗanjuma sunana." Ya leƙa ƙafafunta da kyau. "Na dai ga ba kofato. Na gaya wa mutanen Katako aljana ce ke rako ni, sun ce wace aljana za ta ɓata asubarta a kaina."

"Rana tana yi, tura mu tahi."

"Ji min mace! Ni da amalankena." Ya tofa yawu a tafin hannu ya kama marikin. "In kin faɗi ba na ɗaukar ki. Katako kawai nake ɗauka."

Haka aka tafi. Ta fara ƙetare gadar gaba ɗaya. Ta fara wuce shataletale. Wata rana warin sabon katako da albasa ya daki hancinta, ta ga ta shigo Katako, masu lodi suna yi wa Ɗanjuma ihu wai ga ango ga amarya. Komawa gida da ƙafa take yi, tana jan jiki. Daga baya ta fara haɗa rabi da sassarfa. Ƙafafunta suka yi kanta, suka fashe, suka warke. Ba daɗi take ji ba. Tana dai fita, kamar yadda ake shan magani.

Magana ta riga ta isa gida. Ta dawo wata safiya ta iske Inna tsaye tsakar gida, ba tasbaha a hannu.

"An ce kina bin namiji. Kullum. Kan gada, gaban duniya. Ko ƙurar takaba ba ki karkaɗe ba."

Zalika ta tsuguna tana kwance takalmi. "Ba namiji nake bi ba, Inna. Takalman nake bi."

Inna ta juya ta nufi ɗaki. Ta tsaya a bakin ƙofa. Can ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Yana tahiya da su sosai?"

"Ba ya zama."

Inna ta shige ɗaki. Washegari da Zalika ta fito da asuba, ta yi tuntuɓe da kwanon fura an rufe da faifai a bakin ƙofarta.

Saura kwanaki kaɗan tsere abin ya lalace. Tana gindin bango tana jira, kunne a buɗe, sai kawai ta ga amalanke ya wuce ta sulu, kamar kifi a ruwa. Ba ƙii, ba komai.

Ta bi shi da gudu. "Mi ka yi wa ƙafar?"

"Mai na zuba!" Ɗanjuma ya waiwayo yana washe baki. "Baƙin mai, na wajen mai gyaran moto. Mace na bina kullum, in bar amalanke yana kuka kamar maraya? Ni ma ina da mutunci."

"Wa ya sa ka?"

"Au, laifi na yi?"

Numfashinta ya fara watsewa. Shirun ya rufe ta kamar an kifa mata ƙwarya. Ta yi sauri ta kusa taka masa dunduniya, ta ja baya ya yi mata nisa. Ƙirji ya fara rufewa, irin na ranar farko. Ta hango ƙarfen gefen gada, ta ce bari in kai can in dafa, shi ke nan, Kawu ya zo ya ɗauke ni.

Ta kai ƙarfen ba ta dafa ba. Akwai wani sauti da ya rage, ta rasa daga ina yake. Fat, fat, fat, sai huci. Fat, fat, fat, sai huci. Ta saurara da kyau. Takalman gwanjo ne a kan kwalta, da iskar da ke fita daga bakinta. Ashe tun tuni suna nan, tarin moto da kukan amalanke ne suka danne su. Ta sa takunta a ciki. Bai yi gaggawa ba, bai yi jinkiri ba, sai in ita ta so.

Ta so. Ta ratsa ta gefen amalanken ta wuce.

"Kai! Ke! Ba haka muka yi ba!" Ɗanjuma ke ihu daga baya. "Wa zai raka ni?"

Da ya iso Katako yana haki, ya iske ta zaune kan tulin katako tana jiransa.

Ana gobe tsere ya tare ta gindin gada, fuskarsa ba wasa. Mai farimasa ta ba shi labari duka. Ya zauna bakin amalanken, ya kwance zaren buhu, ya tuɓe takalman ya ajiye gabanta.

"Ni ban sani ba, wallahi. Ga su. Ba ke kika karɓa ba, ni na ba ki. Abina ne, na yi kyauta da shi, ko liman ba shi da ta cewa."

Ta daɗe tana kallonsu. Ruwan ganyen ya koma ruwan ƙasa. Ta cire na gwanjo ta zura ƙafa. Da ɗumi a ciki, ɗumin wani. Sun buɗe ta gefe inda babban yatsansa ya tura, dunduniyar ta kwanta, ƙasan ya cinye ta ɓangare ɗaya. Ƙafarta ta yi ta yawo a ciki tana neman wurinta, ba ta samu ba.

Ta cire ta tura masa.

"Sun zama naka."

"Baiwar Allah..."

"Ka dai riƙa tahiya da su da yawa."

Ya dube ta, ya dubi takalman. Ya mayar da su ƙafa, ya ɗaure zaren a hankali. "Indai tahiya ce," in ji shi, "mai su ba zai yi kukan rashi ba."

Ranar tsere, a bakin hanyar da ke bin gaɓar kogi, mata sun fi ashirin. Kawu ya iso Yamai tun daren jiya, yana gidan Inna yana jiran a gama shirmen a ɗauki akwati. Madina, ƴar yarinyar da ake ji da ita bana, ta dubi takalman gwanjon ta taɓe baki.

"Tanti Zalika, mun ɗauka kin yi ritaya."

"Ni ma haka na ɗauka."

Baba Sumana ya busa usur. Yaran suka fizga kamar an buɗe wa awaki ƙofa. Ƙafafun Zalika suka nemi su bi, ta hana su. Fat, fat, fat, huci. Ta ga bayansu yana ƙanƙancewa. Wani a gefen hanya ya ce, "Wayyo, ta ƙare." Ba ta ji zafin maganar ba. Lambunan bakin ruwa suka wuce, masu wankin kaya suka wuce. Rana ta ɗago ta fara dukan ƙeya.

Bayan an juyo ne ta fara tsintarsu. Ɗaya ta dafa ciki tana tafiya. Biyu sun jeru suna jan ƙafa. Ta wuce su ba ta dubi kowa ba. Cinyoyinta suka ɗauki wuta, bakinta ya yi ɗaci, ta bar su da wutarsu. Madina da wata doguwa sun yi nisan da ba a kamowa. Saura ɗaya, mai jan kallabi, kafaɗunta sun fara rawa. Gado na uku ke nan yake gudu gabanta.

Ta hango Baba Sumana da tutarsa. Nan ne Abdulhakim ke murza moto. Ta saurara, ba kowa a baya. Ta murza da kanta.

Ta wuce mai jan kallabi ana saura ƴan taku. Ta tsallake layin ta durƙusa, tafukan hannu a kan kwalta mai zafi.

"Fofo! Sannu, ɗiyata!" Baba Sumana ya kwara mata ruwa a ka, ya danƙa mata makulli ɗaure da zare. "Gadonki na bakin taga ne. Ki je ki gaya wa kawunki ya sha fura ya huta, ya koma shi kaɗai."

Ta dubi makullin. Ta jira, kamar yadda ta saba jira. Murna ba ta zo ba, kuka ma bai zo ba. Wani abu ne ƙarami ya motsa can ƙasan cikinta, ta daɗe kafin ta gane shi.

"Baba, yunwa nake ji."

Tsohon ya fashe da dariya har da buga cinya. "Alhamdulillahi! Ku kawo mata burodi! Gawa ba ta jin yunwa."

Tana cikin gutsurar burodin ta ji shi. Daga can wajen gada, cikin hayaniyar taksi da ihun yara. Tari ne, irin na mai shan taba. Kafin kanta ya gama ganewa, ƙafafunta sun miƙar da ita tsaye.

Moton ya ratso mutane ya tsaya gabanta. An shafe shi da baƙin fenti, an cire madubi. Amma fasasshen salansar na nan ɗaure da waya, rigar sirdin kuma ta ƙyallayen atamfa ce, wadda Abdulhakim ya harhaɗa da kekensa na ɗinki. Akwai ƙyallen zanen aurenta a ciki.

Mutumin da ke kai ya naɗe fuska da rawani, ido kawai ake gani. Bai kashe injin ba.

"Ke ce matar telan?"

Ta sauke burodin daga baki. "Ni ce."

Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya matsa gaba kan sirdin.

"Hau. Akwai wanda ya ga abin da ya faru a hanyar Say, kuma ba zai kwana garin nan ba." Ya murza hannu, moton ya yi tari. "Ba kamyo ba ne ya kashe mijinki."